Filin Lilo Ko Lambu: Ina Ya Fi Dacewa A Kai Yara Yawon Sallah?

Duk shekara idan azumi ya shiga goman ƙarshe, mahawara biyu ce take tashi a gidanmu, ta ɗinki da ta inda za a kai yara yawon sallah. Ta ɗinki tela ne yake raba gardamarta, amma ta yawo a kaina take ƙarewa, domin ni ne mai biya, kuma ni ne mai riƙe hannun ƙarami idan aka shiga cunkoso. 'Ya'yana biyar ne, babban yana da shekara 15, autar tana da shekara 4, kuma ban taɓa fita da su ba face an haɗa ni da 'ya'yan 'yan'uwa biyu ko uku, kamar yadda aka saba a kowane gida. A Kano muke zaune, ƙanina kuma yana aiki a Abuja, saboda haka a 'yan shekarun nan mun zaga wurare iri uku: filin wasa mai lilon inji, lambu ko gidan namun daji, da kuma ɗakunan wasan da ke cikin manyan kantunan zamani. Na rubuta wannan ne domin magidancin da aljihunsa zai ɗauki fita ɗaya kacal, yana kuma son kuɗinsa da wuninsa su yi albarka.

Tun daga farko zan faɗi inda na tsaya: shekarun mafi ƙanƙanta a cikin yaran su ya kamata su zaɓi wurin. A wajen shawara manyan yara ne suke da baki, su ne suka ga hotuna a wayar abokansu, su ne suka haddace sunan kowane lilo. Amma idan aka isa wurin, ƙaramin ne yake yanke tsawon zaman, domin da zarar ya gaji ko ya tsorata ya sa kuka, uwarsa ta fara duban ƙofa, to yawo ya ƙare ko an so ko ba a so. Sai da na yi asarar kuɗi sau biyu kafin wannan ya shiga kaina.

Filin lilon inji da na fi sani shi ne Magic Land na Abuja, wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland, kuma har yau tsofaffin mazauna garin da tsohon sunan suke kiransa. Yana kusa da ƙofar shiga birnin, daura da babban sitadiyam na ƙasa, saboda haka wanda ya taso daga filin jirgin sama zai wuce ta kusa da shi kafin ya shiga gari sosai. A ciki akwai motocin karo, da ƙaton kwalekwale mai lilo, da ƙaramin jirgi mai hawa da gangara a kan dogo, da lilon ƙananan yara iri-iri, da ɗakin na'urorin gem. Abin da irin wannan wuri yake sayarwa shi ne tsoron da aka san ƙarshensa: yaro ya ji kamar zai faɗo, ya yi ihu iya ƙarfinsa, bayan minti uku ko huɗu a sauke shi lafiya yana dariya yana cewa a sake. Yaron da ya kai shekara 11 zuwa 16 babu abin da yake so kamar wannan, kuma ban san wani lambu ko gidan namun daji da zai ba shi irinsa ba.

Ni ma na ɗanɗana, ba da son raina ba. Ranar farko ina tsaye riƙe da jakunkuna, babban ɗana ya dube ni daga kan layi ya ce, "Abba, ko tsoro kake ji?" A gaban ƙannensa kuwa. Na miƙa wa mahaifiyarsu jakunkunan na hau kwalekwalen, kuma saboda rashin sani na zauna a kujerar ƙarshe, inda lilon ya fi kai mutum sama. Wata taya ce a ƙarƙashin kwalekwalen take goga cikinsa tana ƙara masa turi duk lokacin da ya ratso, don haka da farko a hankali yake tafiya har mutum ya raina shi. A zuwa na biyar ko na shida na ji hanjina ya taso zuwa ƙirji, hular da na kafa tun safe ta bar kaina, na shiga salati a bayyane, wani dattijo da ke gefena yana taya ni. Da aka sauke mu wani yaro ne ya miƙo mini hular duk ta sha ƙura. Daga ranar na koyi cewa mai shakka ya zauna a tsakiya, inda lilon ya fi sauƙi, kuma kayan sallah ba kayan hawa inji ba ne. Babbar riga, da dogon mayafi, da gyale mai tashi a iska, abubuwa ne da za su iya sarƙewa a abin da yake juyawa, saboda haka 'yan mata su ɗaure nasu su cusa bakinsa kafin su zauna, samari kuma su ajiye hula da waya a hannun wanda ya tsaya a ƙasa.

Sai maganar jiri. Akwai wani ruwa a can cikin kunnen mutum wanda yake gaya wa ƙwaƙwalwa yadda jiki yake motsi, kuma idan abin da kunne ya ji ya saɓa da abin da ido yake gani, sai tashin zuciya ya biyo baya. Dalilin da ya sa yaron da ya yi hajijiya yake tangaɗi ke nan. Wanda ya cika wa yara ciki da shinkafa da askirim sannan ya ɗora su a kan lilo mai juyawa, shi zai wanke musu kayan sallah a bakin famfo. A fara hawa, a ci abinci daga baya.

Babban abin da yake raba filin lilo da sauran wurare, kuma wanda iyaye ba sa lissafawa tun daga gida, shi ne ƙa'idar tsawo. Jirgin nan mai hawa da gangara ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce take jan sa zuwa tudun farko, wanda shi ne mafi tsawo, daga nan nauyinsa ne yake kai shi har ƙarshen dogo. Abin da yake riƙe mai hawa a kujera kuwa ƙarfe ne da ake saukowa da shi a kan cinya ko kafaɗa, kuma an ƙera shi ne daidai da jiki mai wani girma. Yaron da bai kai girman ba zai iya sulluɓewa ta ƙarƙashinsa. Shi ya sa wurin da ya san aikinsa yake kafa ma'auni a bakin layi. Na taɓa kai autarmu gaban irin wannan ma'auni bayan mun yi kusan rabin awa a layi, mai kula da wurin ya auna ta ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ba ta kai ba." Na ce masa zan rungume ta a cinyata, ya ce ko haka ba a yarda ba. A lokacin na ji haushinsa, domin yarinyar ta kwanta a ƙasa tana birgima da sabon leshinta tana kallon yayyenta suna wucewa ta samanta, amma yanzu idan na ga wurin da ake barin uba ya hau da jinjiri a hannu, ba na barin nawa su hau komai a can. Abin lura dai shi ne, a filin lilo yaron da bai kai shekara 6 ko 7 ba yakan zama ɗan kallo a mafi yawan abubuwan da suka sa aka zo, kuma yaro ba ya jure kallon abin da aka hana shi.

A wajen kuɗi ma filin lilo yana da yaudarar da ba ta fitowa sai an shiga. Yawancinsu kuɗi kashi biyu suke karɓa, na shiga daban, na kowane hawa daban. Kuɗin shigar yakan yi sauƙi har mutum ya saki jiki, alhali nauyin yana ciki. Idan ka je da yara 8, kowanne ya hau abu 4 kacal, tikiti 32 ke nan, kuma hawa huɗun nan gaba ɗaya ba su cika minti 20 ba. Ragowar wunin a layi ake cinye shi da kuma roƙon a ƙara ɗaya. Wasu wuraren suna sayar da tikitin gaba ɗaya, a ɗaura wa yaro wani abu a wuyan hannu ya hau duk abin da yake so. Wannan yana da riba ga matashi mai ƙarfin zuciya a ranar da babu layi, amma asara ne ga ƙaramin da ma'auni zai mayar da shi, ko a ranar da layin kowane lilo ya kai rabin awa. Ba zan kawo farashi ba, domin tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, kuɗin da aka biya bara ba ya zama ma'aunin bana. Abin da nake yi shi ne in sa a tambayo mini kafin ranar, in yanke wa kowane yaro adadin hawansa tun a mota, in kuma riƙe tsabar kuɗi, saboda a ranakun sallah taransifa takan maƙale kana tsaye mutane suna jira a bayanka.

Akwai kuma maganar wuta, wadda a ƙasar nan ba a raba ta da maganar lafiyar masu hawa. A wani ƙaramin filin wasa a wani gari na Arewa, wanda ba zan kama sunansa ba, 'yan matana biyu sun hau lilon nan mai kama da ƙatuwar ƙafar keke, suna isa can ƙololuwa aka ɗauke wuta. Janareta ya ƙi tashi. Kusan minti 15 ina tsaye a ƙasa na ɗaga kai ina yi musu alama da hannu su zauna kada su leƙo, ƙaramar tana kiran "Abba" da muryar da har yau ban manta ba, yayin da samari biyu suke fama da injin suna zargin juna a kan wanda bai zuba mai ba. Sun sauko lafiya, amma ƙaramar ta yi shekara biyu ba ta yarda ta hau ko lilon igiya ba. Irin wannan lilo tsohon abu ne, tun 1893 George Ferris ya kafa na farko a birnin Shikago na Amurka, saboda haka ƙirarsa sananniya ce. Abin da yake bambanta wuri da wuri shi ne kulawa. Tun daga ranar ba na sayen tikiti sai na tsaya na kalli zagaye ɗaya cikakke. Ina duba ko mai kula da lilon yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga ƙarfen kowa kafin ya kunna, ko kuwa yana danna waya. Ina duba ko akwai tsatsa a mahaɗar ƙarafa, ko an ɗaure wani abu da waya ko roba maimakon ƙusa da noti. Ina duba ko an kewaye lilon da shinge yadda yaro ba zai kutsa ƙarƙashinsa ba. Na fi yin kaffa-kaffa da injinan da ake kawowa a mota a harhaɗa su cikin gaggawa domin kwanakin sallah kaɗai, a kwashe bayan mako guda. Wurin da yake aiki duk shekara, mai ma'aikata na dindindin, ya fi kwantar mini da hankali ko da ya fi tsada.

Lambu kuwa wata duniya ce daban. Millennium Park da ke Maitama a Abuja shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi a watan Disambar 2003 lokacin taron ƙasashen renon Ingila, wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ne ya tsara shi, kuma faɗinsa ya kai hekta 32. Rafi ya raba shi biyu, gefe ɗaya an bar itatuwa da tsirrai kamar daji, ɗayan kuma an shimfiɗa ciyawa da hanyoyi da maɓuɓɓugan ruwa. A zuwanmu ba mu biya kuɗin shiga ba. Mun je da tabarma biyu, da kular shinkafa, da dambun naman da ya rage na sallah, da zoɓo mai ƙanƙara, da ƙwallo ɗaya. Abin da na gani ya ba ni mamaki: yaran da nake zaton sai da inji suke jin daɗi, cikin minti goma sun haɗu da wasu yara sun kafa raga da takalma, 'yan matan suna 'yar ɓuya a bayan itatuwa, autar tana gudu a kan ciyawa ba takalmi tana faɗuwa tana tashi babu mai ce mata ba ta kai ba. Awa huɗu muka yi, kuma babban kuɗin da na kashe na gugguru ne da na mai ɗaukar hoto.

A Kano abin da ya tsaya a wannan matsayi shi ne Gidan Zoo, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin gwamna Audu Bako, kuma sunansa yake ɗauke da shi. Kusan duk wanda ya tashi a Kano yana da labarin ranar da aka fara kai shi, ni ma mahaifina ne ya riƙe hannuna zuwa gaban kejin zaki. Gidan namun daji yana da wani abu da lilo ba shi da shi, wato yana haɗa yaro da abin da ya riga ya ji a gida. Autarmu ta sha jin kura a tatsuniyar kakarta; ranar da ta gan ta da ido tana kai da kawowa da ɗan ɗingishinta, ta ƙanƙame ƙafata ta daɗe tana kallo, can ta ɗago ta ce, "Abba, ina Gizo yake?" Har yau ana tsokanarta da wannan tambaya. Kuɗin shiga sau ɗaya ake biya, jimina da birai da kada ba sa neman tikiti na biyu, kuma akwai inuwa. Mutanen Kaduna suna da Ƙofar Gamji a bakin kogi, inda gadar nan ta Gwamna Lugga take, wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta a kawo Kaduna. A Abuja kuma akwai lambun yara da gidan namun daji a Asokoro, a gindin dutsen Aso.

Sai dai lambu da gidan namun daji suna da nasu rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Matashi yakan gaji da su da wuri. Babban ɗana bayan ya zaga kejuna sau ɗaya sai ya nemi gindin bishiya ya zauna da waya, fuskarsa tana cewa an cuce shi, kuma ban ga laifinsa ba, domin ya ga zakin nan sau biyar. Dabbobin ma da tsakar rana kwanciya suke yi a lungun inuwa, wanda ya je tsakanin azahar da la'asar sau da yawa bayan zaki kawai zai gani. Yara kuma sukan so su jefa wa birai biskit ko su zura hannu a keji, abin da dole babba ya tsaya a kai. Mafi girma duka shi ne, wurin da shigarsa ke da sauƙi kowa yana iya zuwa, kuma a ranakun sallah kowa yakan zo. A irin wannan wuri ne, washegarin wata sallah, ɗan ƙanwata mai shekara 5 ya ɓace mana. Ban fi ƙiftawar ido da sakin hannunsa ba ina karɓar canji. Mun yi musu anko domin ƙirga ta yi sauƙi, sai ga shi gidaje da yawa sun ɗinka irin shaddar, duk yaron da na cafko daga baya ya juyo sai in ga ba shi ba ne. Bayan kamar minti 20, waɗanda a wurina sun fi wuni tsawo, muka same shi a gaban mai balan-balan, bai ma san ya ɓata ba. Tun daga lokacin kowane ƙarami yana fita da takarda a aljihu mai lambar wayata, kowane babba yana da ƙaramin da aka damƙa masa, kuma kafin mu shiga muna nuna wuri ɗaya mu ce duk wanda ya rabu da mu a nan zai tsaya. Filin lilo mai tsadar shiga ya ɗan fi sauƙi ta wannan fuska, domin kuɗin ƙofar yana rage taro.

Ɗakunan wasa na cikin kantuna ba zan daɗe a kansu ba. Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a kan titin Gidan Zoo a 2014, da Jabi Lake Mall a Abuja a 2015, zuwa irin waɗannan kantuna ya zama wani reshe na yawon sallah. Inda aka tanadi ɗakin wasa, ribarsa sanyin na'ura ne, da tsaftar banɗaki, da kasancewar wuri ne rufaffe da yaro ba zai yi nisa ba. Amma idan aka auna kuɗin da mintocin da yaro yake samu, shi ne mafi tsada a cikin ukun, ƙarar na'urori tana sa ciwon kai, kuma hanyar fita takan bi ta gaban kantin kayan wasa da na askirim, inda ake buɗe sabon ciniki. Ya dace da mai yaro ɗaya ko biyu, na awa ɗaya ko biyu, a ranar ruwa ko ranar tsananin zafi. Mai yara takwas ya nufi wani wuri.

Yanayi yana iya juya duk wannan lissafi, kuma sallah ba ta zama a lokaci ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris, wato cikin bazara, lokacin da zafin Kano yake kaiwa maki 40 har ya wuce. A irin wannan rana kujerar ƙarfe ko ta roba da ta wuni a rana tana ƙona cinyar yaro, layin lilo kuma yawanci a fili yake babu rumfa, saboda haka filin lilo ba ya shiguwa sai bayan la'asar, abin da ya bar wa mutum awa biyu kacal kafin magariba. Lambu mai manyan itatuwa ya fi jure zafi. Babbar Sallah kuwa ta faɗo 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, lokacin da damina ta kankama a Abuja. Da hadari ya taso ake kashe injuna, kuma daidai ne a kashe su, amma ba kowane wuri ne yake mayar da kuɗin tikiti ba, don haka a tambaya kafin a biya. Lokacin da na fi jin daɗin filin lilo shi ne hutun ƙarshen shekara, cikin hunturu, idan ƙura ba ta yi yawa ba.

Zaɓen rana ma ya kusa fin zaɓen wuri muhimmanci. Washegarin sallah da kwana na uku su ne ranakun da gari yake fitowa gaba ɗaya, a Kano kuma su ne kwanakin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a al'ada, hanyoyi sukan cushe, 'yan A Daidaita Sahu su ƙara kuɗi. Wuri ɗaya ne, amma wanda ya je ranar da wanda ya je bayan kwana biyar kamar ba wuri ɗaya suka je ba: na biyun ba ya bin layi, ma'aikata suna da natsuwar duba kujeru, yaro yana iya hawa abu sau biyu a jere. Wahalar kawai ita ce shawo kan yara su jira, tunda abokansu sun riga sun je. Ni nakan cika ranakun farko da gaishe-gaishen dangi, inda suke tara goron sallah, sannan in ce kowa ya riƙe nasa domin ƙarin hawa. Yaron da yake biya daga aljihunsa yakan yi tunani kafin ya ce a sake.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayarsu ra'ayi, wato manya. A filin lilo uwa da kaka aikinsu tsayuwa ne da riƙon takalma da jakunkuna a rana. Sau ɗaya muka je da mahaifiyata, bayan awa ɗaya ta ce mini, "Kai dai nemo mini inda zan miƙe ƙafa, wannan ihun ya ishe ni." A lambu kuwa Hajiya takan zauna a tabarma da carbinta, jikoki suna zuwa suna komawa, kuma a nan ne take cewa an yi yawo. Idan lokacin salla ya yi, a lambu buta da tabarma sun wadatar, a filin lilo kuwa gara a tambayi inda masallaci da wurin alwala suke tun a ƙofa, kafin la'asar ta riski mutum a tsakiyar layi. Abinci ma haka: lambu yakan bari a shiga da kula, wuraren lilo da yawa ba sa bari, sai dai a saya a ciki da farashinsu. Mai 'yan mata kuma, ko ina ya zaɓa, ya shirya fita kafin magariba, domin da yamma ta yi taron iyali yakan ragu, na samari ya ƙaru.

Wani zai tambaya ko ya dace a taso daga Kano ko Katsina ko Zariya zuwa Abuja musamman domin lilo. A ganina bai dace ba. Tsakanin Kano da Abuja ya haura kilomita 400, kuma kuɗin mai ko na mota, da masauki, da gajiyar yara a hanya, sun ninka kuɗin wasan sau da yawa. Idan akwai zumunci ko wata hidima da za ta kai mutum, to a haɗa. Mutanen Kaduna sun fi samun sauƙi, tunda jirgin ƙasa yana zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu tun 2016, kuma ga yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, tafiyar kanta rabin yawon ce.

Idan aka haɗa duka, ga yadda nake ba da shawara ga wanda ya tambaye ni. Wanda yaransa duka ba su kai shekara 7 ba, ya nufi lambu ko gidan namun daji da safe, ya bar lilon inji sai sun ƙara tsawo, domin zai biya kuɗi ne ya sayo kuka. Wanda yaransa duka sun haura shekara 10, ya kai su filin lilo mai aiki duk shekara, a ranar da ba ta cunkoso ba, ya yanke adadin hawa tun daga gida. Kai su kallon zaki karo na shida ba zai burge su ba. Wanda tawagarsa ta haɗa manya da ƙanana, kamar tawa, kuma babba ɗaya ne zai raka su, to lambu ya fi masa, saboda matashin da ya gaji yana iya zama ya yi shiru, amma ƙaramin da aka hana hawa ba ya yin shiru, kuma mutum ɗaya ba zai iya tsare layin lilo da riƙon ƙanana uku a lokaci guda ba.

Inda aka samu manya biyu ko uku kuwa, raba tawagar ya fi komai. Haka muka yi a zuwanmu Abuja na ƙarshe, kwana huɗu bayan sallah. Ƙanina ya ce, "Yaya, ka bar mini manyan nan uku, ni zuciyata tana ɗaukar lilo," ya kwashe su bayan la'asar da adadin tikitin da muka yi yarjejeniya a kai. Ni da mahaifiyarsu da Hajiya muka shimfiɗa tabarma a Maitama da ƙanana biyar. Da magariba muka haɗu a gida, manyan suna gardamar wanda ya fi ihu a kwalekwale, autar kuma ta yi barci a kafaɗata da ciyawa a gashinta. Ƙanin nawa ya shigo daga baya, babu hula a kansa.